BLEVE, fashewar tankin gas

BLEVE suna ne da injiniyoyi ke kiran fashewar da ke aukuwa idan tanki ya tsage alhali ruwan da ke ciki, wanda matsi ke riƙe da shi, ya wuce zafin da yake tafasa a sarari. Ana danganta ƙirƙirar kalmar da injiniyoyin kamfanin inshora na Factory Mutual a Amurka, wajen 1957.

Yadda take faruwa

Furofen, ɗaya daga cikin sinadaran gas ɗin girki, yana tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas. Matsi kaɗai ke sa ya zauna ruwa a tanki. Idan gobara ta lasa jikin tankin, ƙasansa ba ya saurin lalacewa, domin ruwan gas yana kwashe zafin. Haɗarin yana sama, inda tururi kawai yake: can ƙarfe ke gasuwa, kuma wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Bawul ɗin rage matsi ba ya hana wannan. Yana fitar da gas, ruwan na ja baya, busasshen ƙarfe na ƙaruwa. Da zarar ƙarfen ya yage, babban kaso na ruwan ya tafasa nan take. Lita ɗaya ta ruwan furofen tana zama tururi kusan lita 270, ya tashi dunƙulen wuta, gutsattsarin tanki su yi jifa mai nisa.

Tarihi

A matatar Feyzin kusa da Liyon a Faransa, ranar 4 ga Janairu 1966, ma'aikata suna tsiyaye ruwa na ainihi da ya taru a ƙasan wani tankin furofen sai bawul ya daskare, ya ƙi rufuwa. Gas ya malala har titi, wata mota ta tayar da wuta, bayan kamar awa ɗaya da rabi tankin ya fashe. Mutum 18 suka rasu, akasarinsu 'yan kwana-kwana. A Yulin 1978 wata tankar gas da aka cika fiye da ƙima ta fashe kusa da sansanin shaƙatawa na Los Alfaques a Sifaniya, ta kashe sama da 200. Mafi muni ita ce ta San Juanico a Meziko, 19 ga Nuwamba 1984; alƙaluman waɗanda suka rasu sun saɓa, daga 500 zuwa 600.

Kariya

Ba a cika tanki ko tukunyar gas fiye da kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari. Idan wuta ta kama, saman tankin ake fesa wa ruwa, kimanin lita 10 a minti ga kowace murabba'in mita, daga nesa. Ba a kashe harshen gas mai yoyo sai an iya rufe mafitarsa. Idan ƙarar bawul ta ƙaru ko launin ƙarfe ya sauya, a janye kowa. Ƙa'idar agajin gaggawa ta Amurka tana ba da shawarar a nisanta mutane da tankin da ke cin wuta da mita 1,600 ta kowace fuska.