Shekarun jiki da makomar majinyaci a sashen kulawa ta musamman

Shekarun jiki ma'auni ne na yadda gaɓoɓin mutum suka tsufa, ba tare da dogaro da ranar haihuwarsa kaɗai ba. Dattawa biyu masu shekara 70 kan kwanta da ciwon huhu iri ɗaya, ɗaya ya sauka daga na'urar numfashi cikin kwanaki, ɗayan ƙodarsa ta tsaya. Ma'aunin tsananin ciwo na APACHE II na 1985 bai raba su ta fuskar shekaru: duk mai 65 zuwa 74 maki 5 ne, daga 75 maki 6.

Agogon auna shekarun jiki da Steve Horvath ya fitar a 2013 yana karanta sauyin sinadari a wurare 353 a jikin DNA. Yana da tsada, sakamakonsa kuma ba ya zuwa da wuri, don haka bai cika amfani a bakin gadon majinyaci ba. Wanda ya fi shiga asibiti shi ne PhenoAge na Morgan Levine da abokan aikinta, na 2018, wanda ya haɗa shekarun haihuwa da gwaje-gwajen jini tara: albumin (furotin da hanta ke yi), kiriyatinin (alamar aikin ƙoda), sukari, CRP (alamar kumburi a jiki), yawan fararen ƙwayoyin jini, kason nau'insu da ake kira limfosait, girman jajayen ƙwayoyi, bambancin girmansu, da ALP (sinadarin da hanta da ƙashi ke fitarwa). Idan lissafin ya zarce shekarun haihuwa, an ce jiki ya riga mai shi tsufa, kuma bincike a kan majinyata masu tsananin ciwo ya danganta wannan tazara da ƙarin haɗarin mutuwa.

Sai dai an gina PhenoAge ne a kan bayanan mutanen gari a Amurka, ba kwantattu ba. Da zarar ƙwayar cuta ta shiga jini, CRP da fararen ƙwayoyi su yi sama, albumin ya faɗi, ƙarin ruwa ya ƙara tsinka shi, ƙarin jini kuma ya sauya awon jajayen ƙwayoyi. Nan take matashi mai shekara 30 ya fito kamar tsoho a takarda. Abin da aka auna a nan zafin ciwon yau ne ya cuɗe da tsufa. Mai amosanin jini ma awonsa a karkace yake tun yana lafiya. Shi ya sa gwajin da aka yi kafin rashin lafiyar, in akwai shi, ya fi daraja.

Ma'aunin rauni na Kenneth Rockwood, daga Kanada, ba ya buƙatar jini. Matakinsa tara ne, daga 5 zuwa sama akwai rauni. Ana tambayar majinyaci ko mai jinyarsa yadda yake mako biyu kafin ciwon: yana wanka da kansa? Yana hawa bene, yana zuwa kasuwa? Kuskuren da aka fi yi shi ne ba da maki bisa yadda aka gan shi a gado. A 2020 hukumar NICE ta Birtaniya ta sa shi cikin jagorar korona, sannan ta gyara ta ce kada a yi amfani da shi ga 'yan ƙasa da 65 ko masu naƙasa ta dindindin.