Matar sarkin Habasha da sashe na 15: abin da doka ta ce

Duk lokacin da hoton Sarki Haile Selassie da matarsa Menen ya zaga a waya, sai a ji wasu na cewa dokar Habasha ta tanadi ɗauri ga ɗan sarkin da ya auri baƙuwa. Wasu kuma su ce idan sarki ya rasu matarsa ce ke hawa karaga. Duka biyun ba haka suke ba.

Dokar da ake nufi ita ce kundin tsarin mulkin da aka yi wa kwaskwarima a 1955, shekara 25 bayan naɗin Haile Selassie. Sashe na 15 ya shafi 'yan gidan sarauta da ke layin gado kaɗai, tunda kuwa kundin ya ce namiji da aka haifa ta halastaccen aure ne ke gado, to maganar ta 'ya'ya maza ce.

Abu biyu ne ke jawo hukunci: auren wadda ba 'yar ƙasa ba, ko yin aure ba da yardar sarki ba. A nan mutane ke ruɗewa. Sashen bai ambaci kurkuku ba, bai ambaci kora daga ƙasa ba, bai kuma ce auren ya mutu ba. Matarsa tana nan matarsa. Abin da zai rasa shi ne duk wata alfarma ta gidan sarauta, har da damar gadon karaga. Kuma ba shi kaɗai ba, har zuriyarsa.

Wannan jimlar ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai. A hukunta wanda ya zaɓa da kansa, wannan ana iya fahimta. Amma jikan da ba a ko haifa ba, me ya yi?

Batun matar sarki kuwa, laƙabinta Itege, kuma ba ta gadon mulki. Inda kundin ya ba ta gurbi shi ne idan sarki ya rasu ya bar yaro ƙarami: uwar sabon sarki na cikin majalisar riƙon ƙwarya, tare da shugaban coci da firaminista da wasu. Masu kafa hujja da Zawditu, wadda ta yi mulki daga 1916 zuwa 1930, sun manta cewa ita 'yar Sarki Menelik na biyu ce. Ta jini ta samu, ba ta aure ba. Mijinta Ras Gugsa Welle ma nesanta shi aka yi da fada. Taitu, matar Menelik, da duk rawar da ta taka a yaƙin Adwa na 1896 tsakanin Habasha da Italiya, manyan fada sun janye mata iko a 1910 tun mijinta na kwance ba lafiya.

Tarihin ƙasar kansa ya fi kundin sassauci. Eleni 'yar sarkin Hadiya ce, wata masarauta a kudancin ƙasar, daga gidan Musulmi, aure ya kawo ta fada, ita ce kuma ta riƙe mulki wa yaro Lebna Dengel daga 1508. Mentewab, matar Sarki Bakaffa, ta yi wa ɗanta Iyasu na biyu haka daga 1730.

Yau dokar ba ta aiki a kan kowa. Sojojin Derg, wato kwamitin sojan da ya ƙwace mulki, sun tuɓe Haile Selassie a Satumban 1974, suka dakatar da kundin, sannan suka soke sarautar gaba ɗaya a 1975.