Brexit: Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai da rigimar yarjejeniyoyin ciniki

Brexit shi ne sunan da aka fi sanin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai da shi. 'Yan ƙasar sun zaɓi a fita ne a ƙuri'ar raba gardama ta ranar 23 ga Yuni 2016, amma fitar ba ta tabbata ba sai daren 31 ga Janairu 2020, dokokin ciniki kuma ba su canza ba sai 1 ga Janairu 2021. Birtaniya ce ƙasa mamba ta farko da ta taɓa barin ƙungiyar, ta bar ƙasashe 27 a ciki. An yi ta maganar baƙin haure da 'yancin kai a lokacin kamfen, amma da aka zo zama kan tebur, kusan duk rigimar ta koma kan ciniki ne, wato wa zai sayar wa wa, a kan wane haraji, da dokar wa.

Asali

Tun farko ma Birtaniya da ƙafa ɗaya ta shiga. Ba ta cikin ƙasashe 6 da suka kafa ƙungiyar da yarjejeniyar Rum a 1957, da ta zo neman shiga daga baya kuma shugaban Faransa Charles de Gaulle ya hau kujerar naƙi har sau biyu, a 1963 da 1967. Sai 1 ga Janairu 1973 ta samu shiga, zamanin firaminista Edward Heath, tare da Ailan da Denmark. Ko shekara 3 ba a yi ba aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1975, wajen kashi 67 cikin 100 suka ce a zauna. Margaret Thatcher ta yi ta faɗa kan kuɗin da ƙasarta ke zubawa har aka yi mata rangwame a 1984, amma ita ɗin ce dai ta fi kowa tura maganar kasuwar bai ɗaya da ta fara aiki a 1993. Kuɗin yuro ba su karɓa ba, tsarin Schengen na tafiya ba duba fasfo ma ba su shiga ba.

Abin ya ƙara zafi bayan 2004 da aka shigar da ƙasashe 10, galibinsu na gabashin Turai irin su Poland, gwamnatin Tony Blair kuma ta buɗe musu ƙofar aiki nan take ba tare da jinkirin da Jamus da Faransa suka sa ba. Jam'iyyar UKIP ta Nigel Farage ta samu abin yi, har ta zo ta ɗaya a zaɓen majalisar Turai na 2014 a Birtaniya. Firaminista David Cameron ya riga ya yi alkawarin ƙuri'a tun Janairun 2013, mafi yawa dan ya kwantar da rikicin cikin jam'iyyarsa ta Conservative, da ya ci zaɓen 2015 kuwa ba yadda zai yi sai ya cika.

Abubuwa biyu da ake yawan haɗawa

In mutum bai raba waɗannan biyun ba, ba zai gane muhawarar ba sam. Na farko ƙawancen kwastam: ƙasashen Tarayyar ba sa karɓar haraji kan kayan juna, kuma duk kayan da ya fito daga waje haraji iri ɗaya ake ɗora masa, ko ta wace ƙasa a cikinsu ya shigo. Sabida haka ba mambar da ke da ikon zuwa ta ƙulla nata cinikin da Amurka ko Indiya, hukumar Tarayyar da ke Brussels ce ke tattaunawa a madadin kowa. Na biyu kasuwar bai ɗaya, ita kuma ta fi zurfi, kaya da ayyuka da jari da mutane duk suna yawo ba shamaki, ƙa'idojin inganci iri ɗaya ne, maganin da aka amince da shi ko naman da aka duba a ƙasa ɗaya ya wuce a sauran, kotun Turai da ke Luxembourg kuma ita ke raba gardama.

To a nan ake samun tsarin da ake ta ambata lokacin muhawara. Norway tana cikin kasuwar bai ɗaya amma ba ta cikin ƙawancen kwastam, tana biyan kuɗi, tana karɓar ma'aikatan Turai, tana bin dokokin da ba ta da ƙuri'a wajen yinsu. Turkiyya akasin haka, ƙawancen kwastam take da shi kan kayan masana'antu. Kanada yarjejeniyar ciniki ce kawai. Sai na ƙarshe, a fita ba yarjejeniya a koma kan ƙa'idojin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, inda motar Birtaniya za ta biya harajin kashi 10 kafin ta shiga Turai. Takardar ƙuri'a ba ta tambayi wanne ake so a cikin waɗannan ba, a zauna ko a fita kawai ta ce, kuma daga nan ne wahalar shekaru huɗun da suka biyo baya ta samo asali.

Muhawarar 2016

Masu son fita, su Boris Johnson da Michael Gove da Farage, hujjarsu ita ce tattalin arzikin Turai ya tsufa, ci gaba yana Asiya da Amurka, Brussels kuma tana jan ƙafa wajen ƙulla ciniki sabida sai ta gamsar da manoman Faransa da kowa da kowa, dan haka in Birtaniya ta kama gabanta za ta fi sauri. Sun kuma ce Jamus ba za ta yarda ta rasa masu sayen motocinta ba, dole Turai ta ba da kai. Ga kuma jar bas ɗin nan da aka rubuta wa cewa ana tura wa Tarayyar fam miliyan 350 duk mako, gara a ba asibitocin gwamnati, adadin da hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce yaudara ce tunda ba a cire rangwamen Thatcher ba.

Masu son zama, Cameron da ministan kuɗinsa George Osborne da yawancin 'yan Labour, lissafi suka riƙe: wajen kashi 44 na abin da Birtaniya ke fitarwa Turai yake zuwa, ba wata kasuwa mai nisa da za ta maye wannan. Barack Obama ma ya je Landan a Afrilun 2016 ya ce in sun fita, a ƙarshen layi za su tsaya wajen neman yarjejeniya da Amurka, maganar da ta fusata mutane fiye da yadda ta tsorata su. Saura mako ɗaya a yi zaɓe aka kashe 'yar majalisa Jo Cox, mai goyon bayan zama.

Sakamako: kashi 51.9 fita, 48.1 zama, mutum miliyan 17.4 da miliyan 16.1. Ingila da Wales suka zaɓi fita, Scotland ta zaɓi zama da kashi 62, Ailan ta Arewa da wajen 56, Landan ma zama ta zaɓa. Cameron ya sanar da cewa zai yi murabus washegari.

Iyakar Ailan

Theresa May, wadda ta gaji Cameron a kujerar firaminista, ta miƙa takardar fita a ƙarƙashin sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar ranar 29 ga Maris 2017, Michel Barnier ne ya jagoranci ɓangaren Turai. Abin da ya kusa kayar da komai shi ne iyakar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 500 tsakanin Ailan ta Arewa, da ke cikin Birtaniya, da Jamhuriyar Ailan da ke cikin Tarayyar. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta kawo ƙarshen kusan shekara 30 ana zubar da jini, ba wanda ke son ganin shingen kwastam ya dawo wurin. Amma in ka fita daga ƙawancen kwastam dole a duba kaya a wani wuri. May ta kawo shirin da zai bar ƙasar duka cikin ƙawancen na wucin gadi, majalisa ta yi fatali da shi har sau uku, na farko a Janairun 2019 da ratar ƙuri'a 230, kayen da ba gwamnatin da ta taɓa sha a tarihin majalisar na zamani. Johnson da ya gaje ta sai ya mayar da binciken cikin teku, tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya, ya ci zaɓen Disamba 2019 da rinjayen kujeru 80, aka fita. Rigimar ba ta mutu ba dai, sai da firaminista Rishi Sunak da shugabar hukumar Tarayyar Ursula von der Leyen suka sake gyara tsarin a Windsor a Fabrairun 2023.

Yarjejeniya da Turai

An cimma ta ranar 24 ga Disamba 2020, saura mako ɗaya wa'adin aiki da tsoffin dokokin ciniki ya cika, kuma kamun kifi ne ya riƙe ta har ƙarshe duk da cewa ko kashi 1 na tattalin arzikin ƙasar bai kai ba. Ba haraji, ba ƙayyade yawan kaya, amma da sharaɗi: sai kayan ya zama ainihin ƙirar Birtaniya ko Turai ne. Rigar da aka ɗinka a Asiya aka sauke a ɗakin ajiya na Ingila sannan aka tura Dublin tana iya biyan haraji. Ga takardun kwastam, ga shedar likitan dabbobi kan nama da cuku da kifi, manyan kamfanoni sun ɗauki ma'aikatan cike fom sun ci gaba, ƙananan kuwa da yawa sun haƙura da kasuwar Turai kawai. Ɓangaren ayyuka, wanda shi ne wajen kashi 80 na tattalin arzikin, kaɗan ya samu, bankunan Landan sun rasa izinin yin aiki kai tsaye a faɗin Turai, a Janairun 2021 ma Amsterdam ta wuce Landan a cinikin hannun jari na wani lokaci. Abin dariya, Turai ta fara binciken kayan Birtaniya tun ranar farko, ita kuwa Birtaniya ta yi ta ɗage nata har 2024.

Sauran duniya

Nan ne ake auna alkawarin. Birtaniya ta sa hannu da ƙasashe kusan 70 cikin ɗan lokaci, sai dai galibinsu kwafin yarjejeniyar da take ciki ne tun tana Tarayyar, ta Japan ta Oktoban 2020 ma ɗan ƙari ne a kan ta Turai. Sababbi na gaske su ne Ostireliya a Disamban 2021 da New Zealand a Fabrairun 2022, kuma manoman shanu da tumaki na Birtaniya sun yi ta kuka da su, har George Eustice da ya riƙe ma'aikatar noma lokacin ya fito a majalisa a 2022 ya ce ta Ostireliya ba ta yi wa ƙasar kyau ba. Lissafin gwamnati da kanta ya ce za ta ƙara wa tattalin arziki kashi 0.08 ne cikin 100. Shiga ƙungiyar cinikin yankin Pasifik, CPTPP, ta fara aiki a Disamban 2024, amma yawancin mambobinta dama akwai yarjejeniya da su. Ta Indiya da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta fi nauyi. Da Kanada kuwa magana ta tsaya a Janairun 2024 kan cuku da naman shanun da ake yi wa allurar ƙiba.

Babbar ganimar da aka yi ta kwaɗayi, cikakkiyar yarjejeniya da Amurka, ba ta samu ba. Amurka na so a karɓi kajinta da ake wankewa da sinadarin kulorin, jama'ar Birtaniya sun ƙi ƙememe, kuma in an karɓa binciken Turai kan abinci zai ƙara tsanani. Abin da aka samu a Mayun 2025 da Donald Trump ragin haraji ne kan wasu kaya, musamman motoci. Ofishin hasashen kasafin kuɗi na gwamnati, OBR, yana lissafin cewa ficewar za ta rage ƙarfin samar da arziki da wajen kashi 4 a tsawon lokaci, ciniki kuma da wajen kashi 15. Masu goyon bayan fita na musun wannan, suna cewa korona da yaƙin Ukraine sun cakuɗa alƙaluma, kuma da ɗan gaskiyarsu, amma ko an rage rabi, tazarar da ke tsakanin 4 da 0.08 ba ƙarama ba ce.

Afirka

Ghana ta ɗanɗana, sabida ba a gama sabuwar yarjejeniya kan lokaci ba, ayabarta ta biya haraji a tashar Birtaniya a farkon 2021 kafin a daidaita. Kamaru da Kenya da Kodebuwa sun sabunta nasu. Najeriya dama ba ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki ta Turai da Afirka ta Yamma ba, yanzu tana ƙarƙashin tsarin rangwamen haraji ga ƙasashe masu tasowa da Birtaniya ta fara a Yunin 2023. Inda aka fi jin Brexit a Najeriya ma ba kaya ba ne, biza ce: da aka daina fifita Turawa, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi daga Indiya da Najeriya suka cika gurbin, yawan masu shigowa, in an cire masu fita, ya ninka na 2016 fiye da sau biyu a 2022 da 2023, abin da ya sa aka sake tsaurara dokokin.

Gwamnatin Keir Starmer da ta hau a Yulin 2024 ta ce ba komawa kasuwar bai ɗaya ko ƙawancen kwastam. Duk da haka a taron Landan na 19 ga Mayu 2025 ta amince a tattauna bin ƙa'idojin Turai kan abinci da dabbobi dan a rage bincike a iyaka, ta kuma bar wa jiragen kamun kifin Turai damar shiga ruwanta har 2038.