Tsohon Zubi da Sabon Zubi: Tambayoyi Kan Finafinan Kimiyya da Na Ban Tsoro

A hutun nan na sa an tura mini finafinai a waya a wani shago da ke Jekadafari, tsofaffi haɗe da sababbin da aka sake yi. Ga abin da ƙannena da abokai suka riƙa tambayata a majalisa.

Malam, me ya sa ake sake fim ɗin da an riga an yi?

Na farko dai kuɗi, domin sunan da jama'a suka sani ba ya cin talla. Total Recall na 2012 ya fi na 1990 kyan hoto, amma da na gama kallo ban riƙe komai ba. The Fly na 1986 kuwa daban ne. Darakta David Cronenberg ya ɗauko labarin fim ɗin 1958, na masanin kimiyyar da jikinsa ya gauraya da na ƙuda, ya mai da shi labarin jinya: mutum yana ganin jikinsa na lalacewa kaɗan-kaɗan, budurwarsa na tsaye ba ta da ta yi. Wanda ya taɓa kwana a asibiti gefen ɗan'uwansa zai ji wannan fim a ƙirji.

Wanne ya fi tsorata ka?

The Thing na John Carpenter, 1982, wanda tushensa ɗaya da wani fim na 1951. Masu bincike ne a ƙanƙarar Antatika, wata halitta daga sararin samaniya ta shigo cikinsu, duk wanda ta cinye sai ta rikiɗe zuwa kamanninsa. Dodon kansa da hannu Rob Bottin ya ƙera shi, ba kwamfuta ba, har yau yana tayar da tsigar jiki. Amma abin da ya hana ni barci shi ne zargi. Inda ake gwada jinin kowa da wayar ƙarfe mai zafi, ka ga abokan aiki suna hararar juna, kowa na jiran a ce wane ne. Da ya fito bai yi kasuwa ba, wani fim mai suna E.T. ne ya kwashe 'yan kallo a wannan watan.

Dune fa, da gaske akwai Larabci a ciki?

Akwai. Frank Herbert ya wallafa littafin a 1965, David Lynch ya yi fim a 1984, Denis Villeneuve ya sake a 2021 da 2024, an ɗauki hamadar a Jodan da Abu Dabi. Za ka ji "Lisan al-Gaib" da "Mahdi". Mu 'yan Gombe, batun Mahadi ba baƙon zance ba ne a wurinmu, mun taso da labarin Dutsen Bima da ake dangantawa da zuwansa, da yaƙin Bormi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Fim ɗin aron kalmomin ya yi don ya nuna yadda mai neman mulki ke hawa begen talakawa, ba darasin addini ba ne.

Yara za su iya kallo?

The Fly da The Thing, a'a, ko kusa. Ni kaina sai da suka kwanta na sa abin kunne.