Eduard Lasker

Eduard Lasker (1829–1884) lauya ne kuma ɗan siyasar Jamus, ɗaya daga cikin jiga-jigan masu sassaucin ra'ayi a zamanin Otto von Bismarck, shugaban gwamnatin Prusiya kuma daga baya na Jamus. An haife shi ranar 14 ga Oktoba 1829 a Jarotschin, lardin Posen na Prusiya, garin da yanzu yake cikin Poland. Iyayensa Yahudawa ne.

Ya yi karatu a Breslau da Berlin, kuma yana ɗalibi ya shiga juyin juya halin 1848 a Vienna. Bayan ya yi zaman shekara uku a Ingila, ya koma Berlin ya kama aiki a kotun birni. Nan ya daɗe a ƙaramin matsayi, don a lokacin ba a yarda Bayahude ya zama alƙali a Prusiya ba.

A 1865 aka zaɓe shi majalisar wakilan Prusiya. Da Prusiya ta ci Austiriya da yaƙi a 1866, sai ya bar jam'iyyar masu neman ci gaba, ya shiga sahun waɗanda suka kafa jam'iyyar National Liberal. Lissafinsu shi ne a mara wa Bismarck baya ya haɗa kan Jamus, su kuma su shimfiɗa mata doka. Wannan shi ne fagen Lasker. Shi da ɗan jam'iyyarsu Johannes Miquel suka yi ta naci har 1873, lokacin da aka ba daular Jamus ikon yin dokar zamantakewa guda ga ƙasa duka. Daga nan kundin dokar zamantakewa na Jamus, wato BGB, ya samo asali, wanda ya fara aiki a 1900.

A Fabrairu 1873 ya tsaya a majalisa ya tona almundahanar da ake tafkawa wajen ba da izinin shimfiɗa layin dogo, har Hermann Wagener, na hannun daman Bismarck, ya rasa kujerarsa. Bismarck bai manta ba. Dangantakarsu ta ƙara tsami kan kuɗin fito na 1879, kuma a 1880 Lasker ya fice daga jam'iyyar da ya taimaka aka kafa.

Ya rasu a New York ranar 5 ga Janairu 1884 yana ziyara a Amurka. Majalisar wakilan Amurka ta aiko da saƙon ta'aziyya, amma Bismarck ya ƙi miƙa shi ga Reichstag, majalisar dokokin daular Jamus, ya mayar da shi Washington. An binne Lasker a maƙabartar Yahudawa ta Schönhauser Allee, Berlin.