Kamun ƙafa da waliyyai: saɓanin Katolika da Furotesta

Kamun ƙafa da waliyyai a Kiristanci shi ne mutum ya kira sunan wani bawan Allah da ya rasu, kamar Maryamu ko manzo Bitrus, ya roƙe shi ya yi masa addu'a a gaban Allah. 'Yan Katolika da 'yan Otodoks suna yi. Yawancin Furotesta sun ƙi abin tun ƙarni na 16. A Kumasi ba sai an buɗe littafi za a ga wannan saɓani ba. Daga babban cocin Katolika na Waliyyi Bitrus zuwa cocin Wesley na Metodis, ko cocin Ramseyer na Firesbiteriya da ke Adum, tafiyar ƙafa ce, amma addu'ar da ake yi kullum a na farkon ba a jin ta a sauran biyun.

Matsayin Katolika

Katolika na raba ibada da girmamawa. Ibada ta Allah ce shi kaɗai, waliyyi girmamawa yake samu, Maryamu kuma ta fi kowa a cikinsu. Babban taron shugabannin coci na biyu a Nikiya, a shekarar 787, ya ja wannan layi lokacin rikicin girmama hotunan waliyyai, sannan taron Tirento a 1563 ya ce neman addu'ar waliyyai abu ne mai kyau, mai amfani.

Wanda ya kasa kunne a lokacin jerin roƙo, addu'ar da ake jero sunayen Allah da na waliyyai jama'a na amsawa, zai ji bambancin a bakin jama'a. In an ambaci Allah, amsa ita ce "ka ji tausayinmu". In an ambaci waliyyi, sai amsa ta koma "ka yi mana addu'a". Tsohuwar da ke jan carbi a dutsen Buoho, wajen Kumasi, inda masu ziyara ke taruwa a watan Agusta don bikin ɗauke Maryamu zuwa sama, abin da take maimaitawa ke nan: Maryamu ta yi addu'a domin masu zunubi, yanzu da lokacin mutuwa. Ba ta ce Maryamu ta gafarta mata ba. Mai suka ya kamata ya san wannan kafin ya ce bautar gumaka ce.

Hujjarsu ita ce, tunda ana cewa ɗan'uwa "ka sa ni a addu'a", mutuwa ba ta yanke zumuncin ba. Suna kawo Yaƙubu 5:16 kan ƙarfin addu'ar mai adalci, da Ru'ya ta Yohanna 5:8, inda dattawa a sama ke riƙe da tasoshin turare, wato addu'o'in tsarkaka. A ƙasar Asante misali a kusa yake: talaka ba ya yi wa sarki magana kai tsaye, sai ta bakin okyeame, kakakin sarki.

Matsayin Furotesta

Nan ne Furotesta ke cewa misalin bai zauna ba. Sarki mutum ne, yana bukatar mai isar masa da magana. Allah kuwa yana ji, kuma Ibraniyawa 4:16 ta ce a kusanci kursiyinsa gabagaɗi. Ayar da suka fi riƙewa ita ce 1 Timoti 2:5: Allah ɗaya ne, matsakanci ma ɗaya ne, Almasihu Yesu.

Martin Luther, jagoran farko na Furotesta, shi kansa da wannan al'ada ya tashi. A 1505 tsawa ta rutsa da shi a hanya, ya kira Waliyyiya Anna, ya yi alkawarin shiga zuhudu in ya tsira. Daga baya ya juya wa al'adar baya. Takardar aƙidar mabiyansa ta Augsburg ta 1530, a sashe na 21, ta ce a tuna da waliyyai, a yi koyi da bangaskiyarsu, amma Littafi bai koyar da kiransu ba. Sashe na 22 na aƙidar Angilikan ya kira abin ƙirƙira marar tushe, ko da yake Angilikan na raɗa wa coci sunan waliyyi, kamar babban cocinsu na Waliyyi Sifiriyan a Kumasi. Fentikostal, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna sun fi kowane ɓangaren Kirista yawa a Gana, sun fi tsanani. "Da sunan Yesu" kawai suke rufe addu'a.

Tambayarsu mai nauyi ita ce: wa ya ce mamaci yana jin masu kiransa, dubbai a lokaci guda? Katolika na cewa Allah ne ke sanar da su. Amma ayar da ta fi fitowa fili, 2 Makabi 15, inda aka ga annabi Irmiya yana yi wa jama'a addu'a bayan rasuwarsa, tana cikin littafin da Furotesta ba su lissafa shi cikin nassi ba. Wato kafin a kai ga waliyyai, an riga an saɓa kan littafin da za a kafa hujja da shi.

A kunnen mutanen zango

Bahaushen Aboabo ko Asawase ba baƙon irin wannan muhawara ba ne, domin ya saba jin Tijjanawa da Ahlus Sunna suna ja-in-ja kan tawassuli da ziyarar kabarin shehunai. Kamannin na nan, amma da iyaka. Katolika da Furotesta duka sun yarda ceto ta wurin Almasihu yake. Abin da suka saɓa a kai shi ne ko waɗanda suka riga su isa sama za a iya ce musu "ku sa mu a addu'a". Hatta kalmar ta rabu. Littafi Mai Tsarki na Hausa "tsarkaka" yake cewa, kuma a wasiƙun Bulus sunan ya haɗa har da masu bi da ke raye a Koranti da Afisa. Ɗan Furotesta wannan ma'ana yake nufi. Ɗan Katolika in ya ce waliyyi, yawanci yana nufin wanda coci ta tabbatar yana sama, kamar shahidan Yuganda 22 da Fafaroma Bulus na Shida ya ayyana a 1964.