Zauren da babu kowa a ciki, amma gaba na faɗuwa

Akwai wanda da zarar an ce "Malam, tashi ka yi mana jawabin godiya" sai bakinsa ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, takardar da ya riƙe ta hau karkarwa. Ba ƙarancin ilimi ba ne, ba kuma jifa aka yi masa ba. Jikinsa ne ke ɗaukar idanun jama'a tamkar haɗari. Duk ranar da ya zille sai ya ji sanyi a ransa, tsoron kuwa ya ƙara ƙiba.

Abin da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ke yi shi ne saba wa mutum da abin da yake tsoro, kaɗan-kaɗan. To amma wane likita ne zai riƙa tara mutum hamsin duk mako saboda majinyaci ɗaya? Nan tabarau na kwamfuta ya shigo, na'urar da ke rufe idanu ta nuna maka zanen wuri da mutane kamar kana cikinsu. Kana sa shi sai ka tsinci kanka a kan mumbari. Likita na gefe, shi ke juya taron: yau mutum biyar masu gyaɗa kai, wani makon zaure cike, wani na hamma, wata na danna waya. Yana tambayarka, daga sifiri zuwa 100, tsoron ya kai nawa? Ba ka sauka sai ya lafa.

Ka san sarai zane ne, amma zuciya ba ruwanta, bugawa take. Wannan bugun ake nema, don da shi jiki ke koyon cewa ba abin da zai faru.

Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory a Amurka ta gwada dabarar kan masu tsoron hawa sama a 1995. A 2013 Page Anderson ta Jami'ar Jihar Jojiya ta kwatanta ta da atisaye a gaban mutane na gaske, zama takwas, duka ɓangarorin suka samu sauƙi. Wasu dai tabaran kan sa su jiri ko tashin zuciya.

Na'urar ba ta wadata a asibitocinmu ba, amma matakan na hannunka. Fara da mutum biyu a gida, sannan abokan majalisa, sannan taron suna. Kada ka sha tiramadol ko wata ƙwaya wai don cire kunya, ina roƙonka. Idan abin ya kai ka ga barin aji ko ƙin karɓar girma a wurin aiki, je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa ka faɗa musu yadda yake maka.